Sharhi: Shaidar ƙwarewar masana magunguna da makomar majinyatan da ba a kwantar da su ba

Mai fama da hawan jini kan ga likita sau uku ko huɗu a shekara, kowane zama kuma bai wuce 'yan mintoci ba. Sauran kwanakin shekara kuwa daga shi sai ƙwayoyinsa. Wata rana ya sha, wata rana ya manta, wani watan kuɗi su yanke ya tsallake, wani lokacin kuma ya ji jiki ya yi sauƙi ya ajiye maganin gaba ɗaya. A cikin wannan tazara, tsakanin ganin likita na yau da na wata uku masu zuwa, ake shuka shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda da daga baya sukan kai mutum gadon asibiti.

Tun a 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa ko a ƙasashe masu arziki, kusan rabin masu cututtukan da ake daɗewa ana jinyarsu ne kawai ke shan magani yadda aka umarce su. Rahotonta na 2023 kan hawan jini ya ƙiyasta masu cutar a duniya da mutum biliyan 1.3, kuma huɗu daga cikin kowane biyar ba sa samun kulawar da ta wadatar.

Wa zai riƙa lura da majinyaci a wannan tazara? Amsar da Amurka ta bayar ita ce a horar da wasu daga cikin masana harhaɗa magunguna, a jarraba su, a ba su takardar shaidar ƙwarewa a kan kula da masu jinyar je-ka-ka-dawo, wato waɗanda ke zuwa asibiti ko kantin magani su koma gidajensu. A Najeriya kuma an shafe shekaru ana taƙaddama kan muƙamin babban ƙwararre, wato kwansaltan, ga masu wannan sana'a. Batutuwan biyu suna da dangantaka, kuma duba na farkon zai taimaka wajen gane abin da ya ɓace a muhawarar na biyun.

Asalin tsarin

A 1976 ne Ƙungiyar Masana Harhaɗa Magunguna ta Amurka ta kafa wata hukuma mai cin gashin kanta, wadda ake kira BPS a taƙaice, domin tantance ƙwararru a rassa daban-daban na sana'ar. Reshen farko da ta amince da shi a 1978 shi ne na magungunan da ke ɗauke da sinadaran nukiliya. A 1988 aka ƙara na ciyar da majinyata ta jijiya ko bututu da na sarrafa magani a jikin mara lafiya, a 1992 na masu taɓin hankali, a 1996 kuma na ciwon daji. Duk waɗannan sun fi karkata ga cikin asibiti, inda mara lafiya ke kwance ko ake yi masa jinya mai nauyi.

Sai a 2009 hukumar ta amince da kula da majinyatan da ba a kwantar ba a matsayin reshe mai zaman kansa, bayan manyan ƙungiyoyin sana'ar guda uku sun haɗu sun shigar da buƙata. An yi jarrabawar farko a 2011. Wanda ya ci yakan ɗora haruffan BCACP a bayan sunansa.

Hanyar samun shaidar ba gajeriya ba ce. Dole mai nema ya kasance ya kammala digirin sana'ar a makarantar da aka amince da ita, kuma yana riƙe da lasisi mai aiki. Bayan haka sai ya nuna ɗaya daga cikin uku: shekara huɗu yana aiki, aƙalla rabin lokacinsa a kan irin waɗannan majinyata, ko horon ƙwarewa na shekara guda a asibiti tare da ƙarin lokacin aiki a fannin, ko kuma horon shekara ta biyu wanda aka keɓe kacokan ga fannin. Daga nan ne zai zauna jarrabawa.

Abu biyu ne suka bambanta wannan takarda da digiri. Na farko, ba dole ba ce. Lasisin da kowace jiha ke bayarwa shi ne izinin aiki, ita kuwa shaida ce ta ƙarin ƙwarewa. Na biyu, tana da wa'adi. Bayan kowace shekara bakwai sai mai ita ya sake jarrabawa ko ya gabatar da hujjar ya yi karatun sabunta ilimi da hukumar ta amince da shi, in ba haka ba haruffan su faɗi daga sunansa. Dalilin a fili yake. Magungunan ciwon suga da ake koyarwa a makarantu shekara ashirin da suka wuce ba su ne ke kan gaba yau ba, kuma ma'aunin da ake ɗaukar jini ya hau da shi a Amurka an sauke shi zuwa 130 bisa 80 a 2017. Ƙwararren da ya tsaya kan abin da ya koya ranar da ya bar makaranta, sannu a hankali sai ilimin ya bar shi a baya.

Aikin da takardar ke tsaya wa

Yawancin mutane sun san masanin magunguna ne a bayan taga, yana karɓar takarda yana miƙo leda. Mai wannan shaida kuwa ɗaki gare shi kamar na likita, da jerin majinyatan da aka ba su lokaci. Likita ne ke gano cutar ya fara magani, sa'an nan ya tura majinyacin ga masanin magunguna bisa wata yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace abin da zai iya yi da wanda ba zai iya ba.

A ƙarƙashin irin wannan yarjejeniya yakan auna jini da suga, ya duba sakamakon gwajin ƙoda, ya ƙara adadin magani ko ya rage, ya sauya wani da wani idan na farko yana jawo tari ko kumburin ƙafa. Yakan koya wa mai asma yadda ake shaƙar magani ta yadda zai isa huhu, ya daidaita wa mai ciwon suga allurar insulin, ya bi diddigin masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin, wanda ƙarancinsa kan sa jini ya daskare, yawansa kuma ya sa jini ya ɓalle. Tsohon da ke shan magani takwas daga hannun likitoci uku, masanin magunguna ne zai baje su a tebur ya ga wanda aka maimaita da wanda ke karo da wani. Idan ya ga alamar da ta wuce huruminsa, sai ya mayar da majinyacin wurin likita nan take.

Wannan aiki ya riga takardar. Hukumar da ke kula da lafiyar 'yan asalin ƙasar Amurka, wadda asibitocinta ke yankunan da likitoci suka yi ƙaranci, ta soma ba masana magunguna irin wannan dama tun gomman shekaru kafin 2009, haka ma asibitocin tsofaffin sojoji. Buƙata ce ta haifi aikin, takardar ta biyo baya domin a san wanda ya cancanci a danƙa masa shi.

Hujja daga Ashbil da shagunan aski

Gwaje-gwaje biyu ne aka fi kafa hujja da su. A 1997 hukumar birnin Ashbil da ke jihar Karolina ta Arewa ta fara biyan masana magunguna domin su riƙa zama da ma'aikatanta masu ciwon suga, ta kuma ɗauke wa ma'aikatan kason da suke biya na kuɗin magani. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna sugan da yawa daga cikinsu ya daidaita. Kuɗin da ake kashewa a kan magani ya ƙaru, domin yanzu ana shan sa, amma jimillar kuɗin jinya ya ragu saboda kwanciya asibiti ta ragu, ranakun fashin aiki ma suka ragu.

Na biyun ya fi jan hankali. Wani likitan zuciya, Ronald Victor, ya jagoranci bincike a shagunan aski 52 na yankin Los Anjalis, inda aka ɗauki baƙaƙen fata maza 319 masu hawan jini, rukunin da aka sani da ƙauracewa asibiti. A wasu shagunan, masu askin sun riƙa ba abokan cinikinsu shawara su gyara cimarsu su je su ga likita. A sauran kuwa, masu askin sun haɗa su da masana magunguna da aka horar musamman a kan hawan jini, waɗanda ke zuwa shagon su auna jini, su yi gwajin ƙoda, su rubuta magani bisa yarjejeniya da likitocin mutanen. Bayan wata shida, lambar sama ta awon jinin rukuni na biyu ta sauka da maki 27, na farko kuwa da maki 9 da ɗoriya. Kashi 63.6 cikin ɗari na waɗanda masana magunguna suka kula da su sun sauko ƙasa da 130 bisa 80, a ɗaya rukunin kuwa kashi 11.7 ne kacal. An wallafa sakamakon a 2018, kuma bibiyar da aka yi ta nuna nasarar ta dore har shekara guda.

Abin lura a nan shi ne magungunan da aka yi amfani da su sanannu ne, irin waɗanda ake samu a kantunan Kano da Legas. Abin da ya sauya shi ne an kai ƙwararre inda mutane suke, an ba shi ikon gyara magani ba tare da jiran wata uku ba, kuma mutumin da majinyacin ya amince da shi, wato mai askinsa, shi ne ya gabatar da shi.

Inda takardar ta gaza

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa shaidar BPS ta warware wa Amurka matsala. Takardar ba ta ba mai ita izinin rubuta magani. Dokar jiha ce ke ba shi. Jihar Sabuwar Meziko ta ƙirƙiro matsayi na musamman ga irin waɗannan masana tun 1993, Karolina ta Arewa ta bi sahu, Kalifoniya kuma ta yi tata dokar a 2013, inda ta sanya shaidar ƙwarewa cikin sharuɗɗan da mai nema zai iya cikawa. A wasu jihohin kuwa ikon ya fi haka ƙunci, ko da mutum na riƙe da takardar.

Sai batun kuɗi. Shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayyar Amurka na tsofaffi, wato Medicare, bai sanya masana magunguna cikin jerin ma'aikatan da yake biya kai tsaye saboda duba mara lafiya ba, kamar yadda yake biyan likitoci. An sha gabatar da ƙudurori a majalisa kan hakan. Saboda haka cibiyoyi da yawa kan yi dabaru wajen samo albashin masanin magungunan da suka ɗauka, wasu kuma su haƙura da ɗaukarsa. Ƙungiyar Likitocin Amurka ita ma ta daɗe tana adawa da faɗaɗa hurumin ma'aikatan da ba likitoci ba, tana cewa horonsu a kan gano cuta bai kai na likita ba.

Akwai kuma sukar da ke fitowa daga cikin gida. Jarrabawar na cin ɗaruruwan daloli, ga kuɗin riƙe shaida na shekara-shekara, kuma ba kowane wurin aiki ne ke ƙara albashi saboda ita ba. Jarrabawa ce ta zaɓen amsa daidai, tana auna ilimi amma ba ta auna haƙurin sauraron tsohuwar da ta rikita ƙwayoyinta. A ƙasar da ke da masana magunguna sama da 300,000, masu riƙe da shaidar wannan reshe ba su kai 10,000 ba. Gwaje-gwajen Ashbil da na shagunan aski ma abin da suka tabbatar shi ne amfanin horarren masanin magunguna mai iko a hannu, ba amfanin haruffan bayan suna ba.

Birtaniya ta bi wata hanyar. Tun 2006 ta ba masana magungunan da suka yi ƙarin horo izinin rubuta magani da kansu, ta kuma tsara cewa daga 2026 duk sabon wanda ya yi rajista zai fito da wannan izini. A watan Janairun 2024 Ingila ta fara shirin da ya ba kantunan magani damar duba cututtuka bakwai na yau da kullum, irin su ciwon maƙogwaro da na kunne, gwamnati na biyan su. Can doka da kuɗi ne suka yi gaba.

Darasin da ke cikin ƙasashen biyu guda ne. Tukunyar tana buƙatar duwatsun murhu uku kafin ta zauna: shaidar da ke nuna mutum ya iya, dokar da ta ba shi iko, da aljihun da zai biya aikin. Inda ɗaya ya ɓace, miya kan zube.

Inda Najeriya ta tsaya

Najeriya ba daga tushe za ta fara ba. A 2022 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar dokar Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, PCN, wadda ta maye gurbin ta 1992 ta kuma ƙarfafa ikon hukumar a kan masu sana'ar da wuraren sayar da magani. Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da digirin shekara shida da ake kira PharmD, wanda ya fi tsohon digirin ba da ƙarfi ga hulɗa da mara lafiya. Jami'ar Benin ce ta fara share fagen, Jami'ar Bayero ta Kano kuma na cikin waɗanda suka rungume shi da wuri. Bayan digiri akwai shekarar koyon aiki da jarrabawar rajista, kuma sabunta lasisi ya rataya ne kan halartar darussan ƙarin ilimi.

A matakin ƙwarewa akwai Kwalejin Horar da Masana Magunguna ta Afirka ta Yamma da ke Yaba a Legas, wadda ta haɗa Najeriya da Ghana da Laberiya da Saliyo da Gambiya. Tana da tsangayoyi da suka haɗa da na aikin asibiti, na kantunan unguwa, na lafiyar al'umma da na sarrafa magani da tabbatar da ingancinsa. Shaidar wannan kwaleji ce aka ɗauka tsani zuwa muƙamin kwansaltan.

A 2011 Majalisar Ƙasa kan Tsare-tsaren Aikin Gwamnati ta amince da muƙamin, amma sai da aka shafe kusan shekara goma kafin takardun aiwatarwa su fito, kuma bayan fitowarsu asibitoci da dama sun yi jan ƙafa. Aiwatar da shi ya kasance cikin buƙatun da gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ta JOHESU ta sha gabatarwa a lokutan yajin aiki. Ƙungiyar Likitoci ta Ƙasa, NMA, na ganin kwansaltan shi ne wanda alhakin mara lafiya ke wuyansa daga shigarsa asibiti har fitarsa, kuma raba wannan suna zai rikita majinyata ya kuma dagula sanin wanda za a tuhuma idan an yi kuskure. Ƙungiyar Masana Magunguna ta Ƙasa, PSN, kuwa na cewa mambobinta sun yi karatun, ƙasashen da ake koyi da su suna da irin muƙamin, kuma toshe wa ƙwararre hanyar ci gaba shi ne ke kora shi ƙetare.

Kowane ɓangare na da abin kamawa. To sai dai muhawarar ta fi zagaya suna da matakin albashi a manyan asibitocin tarayya. Ba kasafai ake jin an tsaya kan abin da kwansaltan ɗin zai yi wa mai hawan jinin da ya sammako ya kama layi ba, ko majinyata nawa zai gani a mako, ko wace takarda ce za ta fayyace iyakarsa da likita.

Inda buƙatar take

Ƙiyasi daban-daban sun nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini, da yawansu ba su sani ba. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar a ƙasar da miliyan 3.6 a 2021. Ga masu sikila, wadda Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu ita, ga masu farfaɗiya da asma, ga waɗanda ke shan maganin HIV har tsawon rayuwa. Kusan dukkansu a gida suke jinya. A daidai wannan lokaci Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Waɗanda suka rage ba su da lokacin zama da kowane majinyaci a tattauna dalilin da ya sa ya daina shan magani.

Dalilin kuwa sau da yawa kuɗi ne. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita. Bayan faɗuwar darajar naira da janyewar kamfanonin GSK da Sanofi daga sayarwa kai tsaye a 2023, farashin wasu magunguna ya ninka, abin da ya sa Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan umarnin ɗage haraji a kan kayan haɗa magani a 2024. A irin wannan hali, ƙwararren da zai iya sauya wa majinyaci magani mai tsada da mai rahusa wanda aikinsu ɗaya, ko ya rage masa ƙwayoyi shida zuwa huɗu, ya yi masa aikin da ya kai na ba shi kuɗi. Idan aka rasa wannan kulawa, ƙarshenta sau da yawa injin wankin ƙoda ne, wanda tsadarsa ta kai gwamnatin tarayya ta shiga biyan tallafi a wasu asibitocinta a 2025.

Akwai kuma abubuwan da sai ɗan ƙasa zai san su. Mai ciwon suga da zai yi azumin watan Ramadan yana buƙatar a sake tsara masa lokaci da adadin maganinsa kafin a ga wata. Mai hawan jini da ke haɗa maganin asibiti da tsimi ko jiƙo ba zai faɗa ba sai an tambaye shi cikin mutunci da harshen da yake ji. Lebura ko manomin da ke sayen haɗin maganin ciwon jiki kullum da yamma bai san wasu ƙwayoyin da ke ciki na tayar da jini suna kuma cin ƙoda ba. Jarrabawar da aka shirya a Washinton ba za ta tambayi waɗannan ba. Hukumar BPS na karɓar 'yan ƙasashen waje, kuma masana magunguna da yawa a Masar da Saudiyya sun samu shaidarta, amma ga ma'aikacin da ke karɓar albashi da naira, biyan ta da dala kamar ɗaukar Dala ba gammo ne. Abin da ya dace a aro shi ne tsarin, a gina shi a gida.

Wani ƙalubalen shi ne rabon ma'aikata. Masana magunguna sun taru ne a Legas da Abuja da manyan birane. A ƙauyuka da unguwannin talakawa, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki: mai kemis ne likita, shi ne mai ba da shawara, alhali lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne kawai. Ƙoƙarin da hukumomin PCN da NAFDAC suka yi a 2024 na mayar da dillalan magani daga kasuwar Sabon Gari ta Kano zuwa cibiyar da aka gina a Ɗangwauro ya shafi ingancin maganin da ke isa hannun jama'a. Yadda ake shan sa kuwa wani aikin ne daban. Shaidar ƙwarewar da za ta tsaya a asibitocin koyarwa ba za ta isa wurin mutumin Gwarzo ko Illela ba, sai an tsara yadda kowane ƙwararre zai riƙa duba cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke kewayensa, ya horar da ma'aikatansu, ya kuma zama wanda masu kemis za su tura wa abin da ya fi ƙarfinsu.

Akwai harsashin da za a ɗora a kai. Tun 2014 ƙasar na da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya domin rage wa likitoci nauyi. A Abuja da wasu jihohi an gwada ba masu HIV da jikinsu ya daidaita damar karɓar maganinsu a kantunan magani na unguwa maimakon layin asibiti. A jihohin Kano da Ogun an gudanar da shirin daƙile hawan jini a cibiyoyin matakin farko bisa tsararren jadawalin magani mai sauƙin bi. Dukkansu sun nuna ana iya sauke wani sashe na jinya daga kafaɗar likita ba tare da an bar majinyaci a hannun wanda bai iya ba.

Abin da ya rage a warware

Idan har ana son muƙamin kwansaltan ya zama abin da talaka zai ji a jikinsa, akwai tambayoyin da hukumomi ba za su kauce musu ba. Ta farko ta shafi Kwalejin Yaba da hukumar PCN: ko za su keɓe reshe na kula da masu cututtukan da ake jinya a gida, da jarrabawar da aka gina kan cututtuka da magungunan ƙasar nan, da wa'adin sabuntawa. Darussan ƙarin ilimi da ake yi yanzu na kowa da kowa ne, ba awon ƙwarewa a wani fanni ba ne.

Ta biyu ta shafi Ma'aikatar Lafiya da ƙungiyoyin ɓangarorin biyu: rubuta yarjejeniyar aiki da za ta ce likita ne ke gano cuta ya fara magani, masanin magunguna kuma ya ci gaba da daidaita shi cikin iyakokin da aka zana, kuma kowa ya san inda alhakinsa ya fara da inda ya ƙare. Irin wannan takarda ita ce za ta amsa damuwar likitoci kan wanda za a tuhuma, fiye da duk wata sanarwar manema labarai.

Ta uku ta shafi Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta ɗora mata tabbatar da inshora ga kowa. Muddin ribar mai kantin magani na cikin yawan ƙwayoyin da ya sayar, ba shi da abin da zai sa ya ɓata rabin sa'a yana rage wa wani magani. Sai an biya shawarar ita kanta, kamar yadda birnin Ashbil ya yi, kafin ta zama sana'a.

Ta huɗu ita ce awo. Kowane asibitin da ya naɗa kwansaltan zai iya ƙirga majinyatan da jininsu ko sugansu ya daidaita kafin naɗin da bayansa. Alƙaluman da za su fito su ne za su raba gardamar da aka shafe fiye da shekara goma ana yi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yawan masu hawan jini da ciwon suga a Najeriya ya wuce abin da likitocin da suka rage za su ɗauka su kaɗai. Amurka ta shafe shekara 33 daga kafa hukumar tantancewa zuwa amincewa da wannan reshe, har yau kuma ba ta gama daidaita doka da kuɗi a kansa ba. Najeriya na da damar haɗa ukun a lokaci guda, idan ta fara daga tambayar wane aiki ake so a yi wa majinyaci kafin tambayar wane suna za a kira mai yin sa.